Dogayen Tayoyin Baba Mai Lallashi

Ranar da muka kai Baba makwancinsa na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Duk wanda ya iso ƙofar gidanmu a Limawa, cikin Dutse, kafin ya cire takalmi ya hau tabarma, sai ya ɗan dakata a gaban tsohuwar a-kori-kurar da ke gindin darbejiya. Wani ya shafa ƙofarta, wani ya leƙa ta gilashi, wani ya duƙa ya dubi tayoyin baya, waɗanda suka fi na kowace mota irinta tsawo, ya girgiza kai. Sannan su ƙaraso su ce mana ya haƙuri. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana leƙe daga zaure, sai da ta kasa daurewa ta ce, "Oh ni, yau na ga ikon Allah. Mota ake fara yi wa gaisuwa kafin 'ya'ya."

Direbobin tasha sun zo, tsofaffi da sababbi. Manoman rani na Ringim, waɗanda Baba ya shekara fiye da talatin yana ɗauko musu tumatir da albasa zuwa Dutse, sun cika mota guda, wasu da lakar fadama a ƙafar wando, don labarin ya same su suna ban-ruwa. Akwai wani ƙaton direban tifa da ban san shi ba, ya zauna yana ta goge ido da hularsa. Ya ce lokacin yana jan ƙaramar mota ya taɓa wuce Baba a guje, har da yi masa hon na tsiya. Can kusa da Jahun Baba ya iske shi a gefen hanya ya buɗe gaban mota tana tururi. Baba ya tsaya, ya sauko da jarkar ruwansa, ya zauna da shi a cikin ranar nan har injin ya huce. Sai da za su rabu ya dube shi ya ce, "Ɗana, me injin nan ya yi maka da zafi haka?" Duk wurin aka yi dariya, shi kuwa mutumin yana dariya yana kuka.

Baffa mai faci na Taura, aminin Baba tun ƙuruciya, yana can ƙarshen tabarma da carbinsa. Addu'a kawai yake yi.

Bayan la'asar wani dattijo daga cikin manoman ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Ba yau ce ranar maganar ba, amma ga tumatir ya fara ja. Wa zai riƙa ɗauko mana kaya?"

Aka juyo ana kallona. Ni ne ɗan fari, kuma ni direba ne, kowa ya sani. Kowa kuma ya san shekara goma sha ɗaya da suka wuce Baba ya karɓe makullin motar nan daga hannuna ya ce ba ni da kunne, kuma a sanina ba wanda ya taɓa jin ya janye maganar. Ni ma ban ji ba. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma, wani ya yi sauri ya ja fatiha. A ranar, bayan rashin uba, abin da ya fi ci mini rai shi ne ya tafi da wannan maganar a bakinsa.

Ina rubuta wannan ne don jikokinsa, waɗanda suka san shi a tsoho kurma mai raba alewa, su san wane ne kakansu. Kuma zan faɗi har da inda ban yi kyau ba, don ba a iya ba da labarin Baba a tsallake ni.

Baba da kunne yake tuƙi. Motar tana da rediyo, amma ban taɓa jin muryarsa ba, don Baba ya ce mutum ba ya sauraron baki biyu a lokaci guda. In yana zaune a ƙofar gida mota ta wuce ta bakin titi, ba ya ɗaga kai, sai ka ji ya ce, "Wannan ya manta yana da giya ta gaba." Har injin markaɗen maƙwabta bai tsira ba. Ya taɓa tashi daga cin tuwo ya je ya sassauta musu shi, ya dawo ya wanke hannu ya ci gaba da cin abincinsa. Inna takan ce in tana ɗinki da keke, da ta ji takunsa sai ta rage gudu, don kada a yi mata wa'azi.

Damuwarsa da motar ita ce giyarta huɗu ce kawai. A hanyar lambu da rairayi ba ta da na biyu, amma da an hau kwalta an miƙe, sai giya ta ƙare alhali hanya ba ta ƙare ba. Injin ya riƙa ihu, sitiyari yana rawa a hannu, mai yana tafiya, zafi yana hawa. Sauran direbobi ko a jikinsu, sai su ƙara murya su ci gaba da hira. Baba kuwa abin yana hana shi sukuni. Ya ce kamar ka sa mutum gudu ne da buhu a ka, kana jin hakinsa, kai kuma kana zaune a inuwa.

Na riga na yi aure, muna karɓa-karɓar tuƙi da shi, lokacin da ya samo maganin abin. Wata rana muna dawowa daga Ringim wayam, ba mu samu kaya ba, ya ce in tsaya a rumfar Baffa a Taura. Ya sa aka fito da wata taya mai tsawo, aka jera ta da tamu. Ya ciro alli daga aljihu ya shata layi a jikin kowacce, ya shata a ƙasa, ya gara tamu har layin ya zagayo ya taɓa ƙasa, ya auna da igiya ya ƙulla. Ya gara doguwar, ya auna, ya sake ƙullawa. Tsakanin ƙulli da ƙulli taƙi ɗaya ne na hannunsa.

Baffa ya ce, "Malam, duk wannan wahalar a kan taƙi ɗaya?"

Baba ya ce, "Taƙi ɗaya a juyi ɗaya. Ka ƙirga mini juyi nawa ne daga nan zuwa Dutse."

"Ni faci na iya, ba lissafi ba."

"To dubi ni da kai in za mu masallaci. Kai zanƙalele, taku ɗaya kake yi, ni gajere sai na yi biyu. Tare muke isa. Wa ke haki?"

Baffa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Wato motar ce za ka mayar irina."

Haka aka ɗaura mata dogayen tayoyi a baya, aka ƙara wa sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da jikin motar, ganye ɗaya don kada taya ta riƙa gugar jiki in an yi lodi. Da muka hau kwalta, gudun da muka saba yi shi muka yi, amma ihun nan ya koma gurnani mai taushi. Haka muka tafi har Gujungu. Na saci kallon Baba na ga yana murmushi shi kaɗai.

Ba ya ɓoye cewa dabarar tana da nata cikas. Na farko, maleji ya fara ƙarya, don shi da gajeriyar taya ya saba: allura tana kan tamanin, kai kuwa ka doshi casa'in. Baba ya samo jan fenti ya ɗiga a kan gilashin malejin, ya ce kowa ya hau motar nan iyakarsa ɗigon. Na biyu, ƙarfin tashi ya ragu. In an cika ta da kwanduna a bakin fadama, sai an bi ta a hankali, a saki kuloci kaɗan-kaɗan, ana yi mata magana. Daga nan 'yan tasha suka laƙaba masa Mai Lallashi. Da tsokana suka fara, shi kuwa ya karɓi sunan hannu biyu.

Wani bakanike ya ba shi shawara a sa mata giyabos mai giya biyar, ko a canja haƙoran da ke cikin aksul na baya. Baba ya ce duk gaskiya ne, kuma sun fi nasa tsafta, amma shi ba ya son a farke cikin lafiyayye. Taya kuwa, in ba ta yi maka ba, a gindin bishiya za ka cire ta kafin shayi ya huce. Bai san da wannan sauƙin zan cuce shi ba.

Abin alfaharin shi ne, motocin da aka saya tare da tamu duk an sauke musu injin, wasu sau biyu, namu kuwa ko kansa ba a taɓa buɗewa ba. Waɗanda suka yi masa dariya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya a asirce, ana gara taya a ƙofar gidanmu. Bai taɓa korar kowa ba, bai kuma taɓa cewa ai na gaya muku ba. Sai dai ya tambayi mutum irin kayan da yake ɗauka da hanyar da yake bi, wani ya ce masa sa, wani ya ce masa, "Kai yashi kake ɗiba, bar taka yadda take." Wata tsohuwa mai tukwane a hanyar Taura ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata kaya sai shi, ko da za ta wuni a bakin hanya. Ta zo gaisuwa ita ma, ta shaida wa Inna cewa ko murfi bai taɓa fasa mata ba.

Shekarar da Baba ya tafi aikin Hajji ya bar mini motar. A lokacin kaina yana rawa. Na gaji da a ce mini ɗan Mai Lallashi, na gaji da ganin sa'o'ina suna tashi da lodi fiye da nawa suna bar mini ƙura. Kwana uku da tafiyarsa na ciro gajerun tayoyin daga ɗakin ajiya na mayar. Mota ta yi ƙarfi kuwa. Na riƙa ɗora kwanduna har saman kai, in fita daga fadama da ƙarfin tsiya, in hau kwalta in take totur. Na kunna rediyon nan ma, na ƙure shi.

Ya dawo da kwana biyu, yana gida ana ta zuwa yi masa barka, ni kuma na tafi ɗauko kaya ban samu na mayar da tayoyinsa ba. Tsakanin Taura da Gujungu, da rana tsaka, injin ya buga. Kwando arba'in na tumatir ɗin mutane a baya, rana tana dukansu, ruwansu yana ɗiga a kwalta. Kafin a samo motar da za ta kwashe, rabi ya tafi.

Baba ya iso a bayan babur, da farar hularsa ta Makka. Bai dubi injin ba. Ya zagaya baya ya tsaya a kan tayoyin, ya daɗe. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Daga ina ta fara kuka?"

Na ce, "Baba, ban ji ba."

"Ba ka ji ba."

"Rediyo ne..."

"Tun daga Ringim take kiranka. Ba ka da kunne. Kawo makullin."

Iyakar faɗan ke nan. Da zagina ya yi, ko ya ɗaga hannu, da tuni na manta. Washegari ya tafi Ringim ya bi masu kayan gida-gida yana ba su haƙuri, mutumin da ko gajiyar Hajji bai sauke ba. Bai ce ɗana ne ya yi ba, cewa yake motata ce ta yi. Daga baya aka gyara injin, ya koma tuƙinsa.

Na samu aikin tuƙi a wani ofis a Dutse, motoci masu canja giya da kansu, gilashi a rufe, sanyi yana busawa. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara. Maganar mota kuwa ba ta sake haɗa mu ba. Wanda bai san gidajenmu ba zai ce gaba ce, amma ba ita ba ce. Ni ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne. Tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yaba mini a gaban ido ba, ko zama a tabarma ɗaya ba mu yi sai da dalili. Ƙannena suna wasa da shi har su cire masa hula, ni kuwa sai "kai" da "wancan". Na san kunya ce, na san ba ƙi ba ne. Amma mutumin da ba zai iya kiran sunanka ba, ta ina zai ce maka ya janye magana? Ni kuma ta ina zan tambaya?

Abin da bai sani ba, ko na zaci bai sani ba, shi ne tun daga ranar nan ban sake kunna rediyo a mota ba. Har maigidana na ofis ya gaji ya daina tambaya. Nakan sauke gilashi kaɗan in saurara. Shekara goma sha ɗaya ina koyon abin da aka ce ba ni da shi, ba mai duba ni.

Sai Allah ya jarrabci Baba ta inda ya fi ƙarfi. Kunnensa ya fara nauyi, tun ana ɗaga murya har aka koma nuni da hannu. Ya ci gaba da tuƙi na ɗan lokaci, yana ɗora tafin hannu a kan sandar giya don ya ji rawar injin a jikinsa. Da daminar bana ya ajiye motar a gindin darbejiya, ya ce ba zai zalunci abin da ba ya jin kokensa ba. Kullum da hantsi yakan tashe ta, ya dafa ta na ɗan lokaci, ya kashe.

Wata guda kafin rasuwarsa Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Ya ce a gaya wa mutumin ofis, in yana da sarari ranar Asabar, yana son zuwa Ringim."

Na zo tun da sassafe. Makullin yana jikin mota, shi kuma ya riga ya zauna a gefen mai zaman banza, hannunsa a kan sandar giya, idonsa a titi. Na shiga na kunna ta. Na saki kuloci kaɗan-kaɗan, ta tashi. Na tsaya ƙasa da jan ɗigon.

Mun wuce Jahun, mun doshi Gujungu, a wata 'yar hawa da ba ta kai a kira ta hawa ba, sai na ji muryar injin ta ɗan yi sama, siririya, alhali motar ba ta ƙara gudu ba. Abu ne kaɗan ƙwarai. Na ɗaga ƙafa daga totur nan take, na nuna masa ƙafata ta hagu, na ce da ƙarfi, "Kuloci ya fara zamewa." Ya dubi hannunsa, ya dubi titi. Na sake takawa a hankali don ya ji, sai na ga yatsunsa sun motsa. Na jira ya ce wani abu. Ya juya yana kallon gonaki ta taga.

A Taura bakanike ya duba ya ce haka ne, ya kusa cinyewa, aka gyara. Baba yana can rumfar Baffa suna maganarsu ta ihu da nuni. Muka je Ringim ya gaisa da mutanensa lambu-lambu, muka dawo. A ƙofar gida ya zare makullin ya sa a aljihu, ya ce, "Sannu da hanya." Na koma gidana na ce wa matata shi ke nan, na haƙura.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a mutane sun fara raguwa, Baffa mai faci ya yafuto ni. Muka zagaya bayan motar. Ashe ya zo da tayoyi biyu sababbi, dogaye, an jingine su a bango. Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ciro igiyar nan mai ƙulli biyu, ta yi baƙi don tsufa.

Ya ce, "Ranar da kuka zo Taura ya bar mini wannan. Ya ce na bayan sun suɗe, in nemo irinsu in auna da igiya kafin tumatir ya nuna. Na ce, Alhaji, kai da ka ajiye tuƙi, wa zai ji daɗinsu? Ya ce in ajiye wa mai kunne."

Na tsaya ina kallon igiyar, shi kuma ya ci gaba.

"Na ce wane mai kunne? Ya harare ni ya ce, kai ma ka sani, kada ka sa ni faɗin suna da tsufana." Baffa ya kama hannuna ya danƙa mini igiyar. "Ya ce a hawan Gujungu ka riga hannunsa ji. Sau uku yana maimaita mini, ɗana, da ƙarfi, ka san kurma ba ya jin muryarsa. Duk kasuwar Taura ta ji. Kai kaɗai ne ba ka ji ba, kana ƙarƙashin mota."

Ban yi kuka a makabarta ba, ban yi a tabarma ba. A nan bayan a-kori-kura na durƙusa na yi shi, har Gwaggo ta fito tana salati. Da na shiga gida Inna ta ɗaga matashinsa ta miƙo mini makullin, ta ce tun ranar Asabar ɗin nan ya gaya mata na wane ne, ya kuma hana ta faɗa.

Ni ɗan Mai Lallashi ne, kuma yau ba sunan da na fi so a kira ni da shi. Ubana bai yi boko ba, amma da alli da igiya ya gane abin da ya sa injin ke wahala, ya sauƙaƙa masa, ya koya wa duk wanda ya tambaya. Ya Allah, bawanka bai taɓa ɗora wa wani abin da ya fi ƙarfinsa ba, mutum ko ƙarfe. Ka sassauta masa kamar yadda ya sassauta, ka yalwata masa kabarinsa, ka buɗe masa kunnuwansa da mafi daɗin abin da ake ji a Aljanna.

Dattijon nan na Ringim yana neman takalminsa zai tafi na tare shi. Na ce, "Baba, ranar Asabar ku haɗa kwanduna. Amma ba zan ɗauki fiye da abin da Alhaji yake ɗauka ba."

Ya dube ni, ya dubi igiyar da ke hannuna, ya ce, "To a zo da wuri. Mun san ba ta son gaggawa."